Matakan da na bi kafin na ɗauki hoto da gwangwanin hayaƙi mai launi a Bauchi

Sana'ata ɗaukar hoto ce a cikin garin Bauchi, kuma mafi yawan aikina na biki ne da suna da walimar saukar karatu. Tun da hotunan kafin aure suka samu karɓuwa a wurin matasa, masu zuwa shagona sukan buɗe Instagram su nuna mini ango da amarya tsaye cikin hayaƙi ja ko shuɗi ko ruwan ɗorawa, su ce irinsa suke so. Na daɗe ina ba su haƙuri, domin duk abokin sana'ar da na tambaya inda ake samun kayan da matsayinsa a wurin hukuma sai ya ba ni amsar da ta saɓa da ta ɗan'uwansa. Da wani saurayi da aka sa ranar aurensa a watan Disamba ya zo mini tun cikin Satumba ya nace, sai na ga lokaci ya isa da zan bi al'amarin daga tushe. Abin da na tarar shi ne na rubuta a nan, domin mai ɗaukar hoton da zai zo bayana ya san abin da ke gabansa.

Matakin farko shi ne neman kayan. Na zagaya kasuwar Wunti da ta Muda Lawal, na kuma leƙa shagunan masu kayan ado na biki, amma abin da na samu ƙananan dunƙule ne marasa rubutu a jiki, waɗanda ake kunnawa da ashana, kuma mai sayarwar da kansa bai iya gaya mini inda aka yi su ko tsawon lokacin da suke ci ba. Na bar su. Irin wanda masu hoto ke aiki da shi gwangwani ne na kwali mai kauri, yana da zobe da siririyar waya a kansa, idan aka fizge ta sai ya kama da kansa. Sanannen kamfani a wannan fanni shi ne Enola Gaye na ƙasar Ingila, wanda samfurinsa WP40 ke fitar da hayaƙi na kimanin daƙiƙa 90, akwai kuma wasu da ke zubar da hayaƙinsu gaba ɗaya cikin rabin minti. Nawa na wani kamfani ne daban, daga hannun wani ɗan kasuwa a Legas. Kafin in tura masa ko sisi, na nemi ya aiko mini da hoton jikin gwangwanin ta kowane ɓangare, da hoton kwalin, da takardar bayanin sinadaran da ke ciki, da alkawarin rasit mai ɗauke da sunan shagonsa. Ya ɗan nuna gajiya da tambayoyina, amma ya aiko. Waɗannan takardu su ne suka buɗe mini kowace ƙofa daga baya.

Daga takardar ce na fahimci abin da zan riƙa a hannuna. A cikin gwangwanin akwai sinadarin fotasiyam kuloret mai ba wuta iska, da wani nau'in sukari wanda shi ne makamashin, da garin rini, da wani sinadari mai rage zafin konewar don kada rinin ya ƙone. Zafin ne ke mayar da rinin tururi, idan ya fito ya haɗu da iska sai ya zama ƙura mai laushi mai launi. Wannan yana nufin abubuwa biyu da kowa ya kamata ya riƙe: akwai wuta tana ci a ciki ko da ido bai ga harshenta ba, kuma abin da ake kira hayaƙi rini ne da zai iya sauka a kan tufa da fata da gilashin kyamara. Rubutun da ake yi a jikin wasu cewa suna ci a sanyaye ba ya nufin babu zafi. Bakin gwangwanin yakan yi tartsatsi a lokacin kamawa, jikinsa kuma yana ɗaukar zafi yayin da yake ci. A tsarin jigilar kaya masu haɗari na duniya yana cikin rukuni na 1.4, wato dangin kayan wasan wuta, saboda haka ba a shiga jirgin sama da shi a jaka ko a akwati.

Game da kuɗi, gwangwani ɗaya ya tasar wa abin da nake karɓa na ɗaukar ƙaramin taron suna, kuma farashin yana bin dala, don haka abin da na biya ba lallai ya zama abin da wani zai biya ba. Na sayi fiye da abin da aikin ke buƙata, domin na ware na gwaji da na ko-ta-kwana. A kan wannan aka ɗora kuɗin kawowa ta mota. Na gaya wa angon jimillar tun kafin in saya, na kuma bayyana masa cewa kuɗin hayaƙi daban yake da kuɗin aikina, kuma wanda aka kunna ya tafi ke nan ko hoton ya yi kyau ko bai yi ba. Na roƙi ɗan kasuwar ya bar kayan cikin kwalinsu na asali, ya manna kwafin rasit a waje, ya kuma gaya wa direba gaskiyar abin da ya ɗauko, domin tsakanin Legas da Bauchi shingayen bincike suna da yawa, kuma ba adalci ba ne a bar bawan Allah ya tsaya gaban jami'i bai san me ke cikin motarsa ba. Jiran isowar kayan ya fi yadda aka yi mini alkawari tsawo, kuma hankalina bai kwanta ba sai da na karɓe su. Da suka iso na ajiye su a wani ɗaki mai sanyi, marar danshi, nesa da janareta da jarkar fetur, na kuma kulle saboda yara.

Ban jira isowarsu ba na fara mataki na biyu, wanda a ganina shi ne mafi nauyi a garinmu. Bauchi gari ne da ya ga tashin bama-bamai tsakanin 2011 da 2014, kuma mutane ba su manta ba. Wanda ya hango jan hayaƙi yana tashi daga bayan dutse ba hoton aure zai fara kawowa a ransa ba. Wani zai zaci barkonon tsohuwa ne, wani ya zaci alama ce ake ba wasu. Ban da haka, Najeriya tana da dokar abubuwa masu fashewa ta 1964, kuma rundunonin 'yan sanda na jihohi sukan fitar da sanarwar hana nokawut da kayan wasan wuta idan lokacin bukukuwa ya gabato. Saboda haka na rubuta takarda zuwa ga baturen 'yan sanda na yankin da nake son yin aikin. A ciki na sa sunana da adireshin shagona, da ranar aiki da sa'o'insa, da wurin, da adadin gwangwanayen da launukansu, da yawan mutanen da za su halarta, na haɗa da kwafin katin shaidar ɗan ƙasa, da takardar rajistar sana'ata, da rasit, da takardar sinadaran.

Zuwana na farko ban same shi ba, aka ce ya fita aiki. Jami'in da ke kan kanta ya karanta takardar, ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Malam, gurneti ka ce?" Sunan gurnetin hayaƙi da aka kira gwangwanin da shi a jikin rasit ɗin ne ya tayar masa da hankali, kuma ban ga laifinsa ba. Na nuna masa bidiyon yadda ake amfani da shi a wayata, ya kira abokin aikinsa su ma suka kalla, sannan ya ce in dawo. Da na dawo na zauna a benci tun hantsi har aka kira sallar azahar kafin a shigar da ni. Na gaishe da baturen 'yan sandan, na ce, "Ranka ya daɗe, aikin hoto ne na aure, kuma ban so in yi shi a yankinka ba tare da saninka ba." Ya saurare ni da kyau, ya yi tambayoyi kan wanda ya sayar mini da inda na ajiye kayan, sannan ya ce ba zai sa hannu ba sai jami'an sashen kwance bama-bamai sun ga samfurin da idonsu. A lokacin na ji kamar an ƙara mini nisan tafiya, amma yanzu ina ganin wannan ita ce shawara mafi amfani da aka ba ni a duk lamarin.

Da kayan suka iso na kai kwalin a rufe kamar yadda aka umarce ni. Jami'in da ya duba mutum ne mai natsuwa. Ya juya gwangwanin, ya karanta lambar rukuni da ranar ƙarewar aiki, ya gwada da abin da ke takarda, sannan ya fita da ni fili ya kunna ɗaya a gabana. A nan na fara ganin tartsatsin da ke fita a daƙiƙun farko, na kuma ji warin da ke kama maƙogwaro. Ya nuna mini cewa ana riƙe gwangwanin daga can ƙasa, a miƙe hannu, a juya bakinsa nesa da fuska da jikin kowa, sannan a fizge wayar da ƙarfi sau ɗaya. Ya ce idan an fizge bai kama ba, kada a leƙa bakinsa, kada a girgiza shi, kada a nemi kunna shi da ashana. A ajiye shi a ƙasa, kowa ya ja baya, a ba shi minti 20, sannan a nutsar da shi cikin bokitin ruwa ya kwana. Bayan wannan aka buga hatimi a kwafin takardata alamar an karɓa, aka ba ni lambar wayar jami'in da zai kasance bakin aiki ranar. Ba a nemi ko kwabo a hannuna ba, abin da na kashe kuɗin kwafin takardu ne da na abin hawa.

Daga nan na je wurin 'yan kwana-kwana, ba don wata doka ta tilasta mini ba, sai don ina son jin ta bakin masu ganin gobara kullum. Nan ban jira ba ko kaɗan. Tambayar farko da suka yi mini ita ce ta wata. Angon ya so a yi hoton dab da biki, amma suka ce Disamba tsakiyar hunturu ne, ciyawa ta bushe ƙarau, manoma sun tara kara da harawa a gonaki, iskar arewa maso gabas kuma tana kaɗawa, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye amfanin shekarar wani. Suka ba ni shawarar in yi kafin ƙarshen Oktoba, ƙasa tana da sauran laima, in kuma nemi falalen dutse ko fili marar ciyawa. Suka ce in tafi da jarkokin ruwa, da bokitin ƙarfe, da yashi, da tulun kashe gobara wanda aka duba awonsa, suka kuma tuna mini lambar gaggawa ta 112. Wannan ziyara ce ta sa na cire Yankari da Sumu daga lissafi, domin wurin namun daji ba wurin kunna wuta ba ne, na kuma cire bakin madatsar ruwa ta Gubi da amaryar ta so, domin ruwan da gari ke sha bai dace a kai masa rini ba. Na samu wani shimfiɗaɗɗen dutse a hanyar Dass, nesa da titi yadda hayaƙi ba zai rufe wa direba ido ba, nesa kuma da gidaje.

Dutsen yana da masu shi, don haka na nemi dagacin ƙauyen ta hannun mai unguwa, na tafi da ɗan goro kamar yadda aka saba. Na ce, "Allah ya ja zamaninka, baƙi ne mu, mun zo neman izini." Na nuna masa takardar mai hatimi da bidiyon. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗana, ka kyauta da ka zo. Da ganin hayaƙin kawai muka yi, da 'yan banga ne za su tarbe ku." Ya gaya mini abin da ba zan taɓa sani daga cikin gari ba: akwai burtalin da Fulani ke bi da shanu ta gindin dutsen da hantsi, kuma akwai wata gonar dawa ta gabas da ba a girbe ba. Ya sa aka sanar a masallaci bayan sallar isha'i ta daren ranar, ya aika wa ardo, ya kuma haɗa ni da matasa biyu da za su tsare yara daga nesa. Na ba matasan ɗan abin sayen sabulu bayan an gama, kuma kuɗi ne da ban yi baƙin cikin fitar da su ba.

Saura mutanen da za su shiga cikin hayaƙin. Na zauna da angon da amaryar da yayarta, na tambaye su dalla-dalla ko akwai mai ciwon asma, ko ciwon ƙirji, ko mai juna biyu cikin masu rakiya. Ashe ƙanwar amaryar tana da asma, sai muka yi shawara ta zauna a gida, kuma mahaifiyarsu ta goyi bayan haka. Na ce kada a zo da ƙananan yara. Maganar tufa ta ɗauki lokaci, domin amaryar ta yi niyyar sa farin leshi daga cikin kayan lefe. Na ce, "Hajiya, rini ne, idan ya sauka a kan fari ba lallai ya fita ba." Sai ta koma ga atamfa mai duhu. Na kuma roƙe ta ta bar mayafi mai santsi irin na roba, domin irin wannan yadin narkewa yake ya manne a fata idan tartsatsi ya taɓa shi, angon kuma ya bar babbar riga saboda faɗin hannunta, ya sa kaftani. Mun yi gwajin tsayuwa da tafiya da juyawa riƙe da gorar ruwa a madadin gwangwani, har kowa ya haddace inda zai sa ƙafarsa, domin daƙiƙa 90 ba ta da wurin gardama ko gyaran ɗankwali.

Ranar aiki mun bar gari bayan sallar asuba, saboda da sassafe iska takan kwanta, hasken rana kuma yana da taushi. Na kira jami'in da aka ba ni lambarsa na shaida masa mun iso. Muka share 'yar busasshiyar ciyawar da ke cikin tsagogin dutsen, muka yayyafa ruwa, muka ajiye bokiti da tulun kashe gobara inda hannu zai kai, motoci kuma muka bar su can nesa. Na ɗebi ƙasa na saki don ganin inda iska ta nufa, na tsayar da ma'auratan yadda hayaƙin zai bi ta bayansu ya wuce, rana kuma tana haskowa daga baya ta gefe, domin hasken baya ne ke fito da kaurin hayaƙi da launinsa. Na sa saurin ƙiftawar kyamara a 1/1000 na daƙiƙa don curin hayaƙin ya fito sarai, na kulle fokas, wato saitin da ke fito da abu tar a hoto, a kan fuskokinsu tun kafin a kunna saboda kyamara takan rikice idan hayaƙi ya gifta, na kuma sa ta a ɗauka a jere. Kunnawa aikin yaron shagona ne shi kaɗai, sanye da safar hannu ta fata da tabarau da takunkumi. Shi ne yake zagayawa bayansu da gwangwanin ya fice daga hoto. Sau ɗaya kawai angon ya riƙa da kansa, bayan tartsatsin farko ya wuce, shi ma da safar hannu a hannun da ba ya fuskantar kyamara.

Abubuwa biyu sun faru da suka gwada shirin. Ana tsakiyar shuɗin hayaƙi iska ta juya ta turo shi fuskar amaryar, ta fara tari, idonta ya kawo ruwa. Na ce a tsaya. Yaron ya ajiye gwangwanin a kan dutse ya ƙarasa ci shi kaɗai, ita kuma aka fitar da ita inda iska ke da kyau, ta wanke fuska, muka huta har ta ce ta warware. Kuɗin wannan gwangwani ya tafi a banza, kuma haka ya kamata. Sai kuma wani da aka fizge wayarsa bai kama ba. Gabana ya faɗi, amma yaron ya yi abin da aka koya mana, ya ajiye shi ya ja baya, muka koma wani gefen dutsen muka ci gaba da na ko-ta-kwana, sai da lokacin ya cika aka jefa shi cikin ruwa. Kowane gwangwani da ya gama ci mun bar shi ya huce, domin jikinsa yakan yi zafi kamar murfin tukunyar da ke kan murhu, sannan muka tsoma shi a bokiti. Mun gama kafin shanu su iso. Muka kwashe komai har da wayoyi da murafe, muka wanke tabon rinin da ya sauka a dutsen gwargwadon iko, muka dakata muna duba tsagogi ko akwai abin da ke ci a ɓoye, sannan na koma na yi wa dagaci godiya, na kira jami'in na ce mun tashi lafiya.

Wanda zai yi irin wannan aiki ya fara shiri da wuri, domin jiran kaya da jiran ofis sun fi ɗaukar hoton cin lokaci nesa ba kusa ba, kuma ya nemi takardun kaya kafin ya biya, tunda duk jami'in da na gani takarda ya fara tambaya. Ya tuna cewa hatimin da aka buga mini na rana ɗaya ne da wuri ɗaya. Sabon aiki yana buƙatar sabuwar sanarwa, kuma idan an fitar da dokar hana kayan wasan wuta a lokacin, sai a haƙura har ta wuce. Ba na ganin dacewar kunna wannan abu a cikin ɗaki, ko zauren biki, ko tsakar gida, ko lungun unguwa, ko kusa da gidan mai da asibiti da makaranta da barikin jami'an tsaro, komai nacin mai biki, domin a rufaffen wuri hayaƙin yana shaƙe mutane, a cikin jama'a kuma yana iya haddasa turmutsutsu. Ba na kuma goyon bayan haɗa shi a gida da wasu ke koyarwa a intanet, domin sinadaran da ake cakuɗawa suna iya kamawa a hannun mai haɗawa.

Ta fuskar sana'a, mutum ɗaya ba zai iya riƙe kyamara ya kuma kula da wuta ba, don haka a sa ladan mataimaki cikin farashi tun farko, tare da kuɗin gwangwanin gwaji da na ko-ta-kwana da na zirga-zirgar ofisoshi. A rufe gaban gilashin kyamara da matacin kariya, kada a sauya gilashi a inda hayaƙi ya bi, a kuma goge kayan aiki da zarar an koma shago. Yanzu idan aka zo mini da wannan buƙata tsakanin Nuwamba da faɗuwar ruwan farko, nakan ce a jira damina, ko kuma a yarda da falalen dutsen da babu ciyawa ko gona kusa da shi, kuma nakan rubuta wannan sharaɗi a takardar yarjejeniya kafin in karɓi kuɗin kafin alƙalami.